Birkin Yaya Sani da Rumbun Inna

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Ni ce Hadiza daga Ketare, a kan yayana Sani na rubuto.

Yaya Sani direba ne, yana jigilar mutane zuwa kasuwar Ƙanƙara. Birkin motarsa ya daɗe yana ƙara, sai ya sayo sababbin takalman birki da faifansu, ya ce a gida zai canza, tunda ya sha ganin bakanike yana yi. Ya ɗaga motar da jak a ƙofar gida, ya ɗaura komai daidai. Abu ɗaya bai sani ba: in an gama, sai an yi ta taka birkin har ya yi tauri kafin a motsa. Yana tayarwa ya taka, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Motar ta gangara ta daki rumbun mahaifiyarmu, dawa ta zube, maƙwabta suka taru.

Inna ko faɗa ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Rumbu ƙasa ne, za a sake ginawa. Da a hanya ne da fasinja fa?"

Amma tun ranar bai sake taɓa sitiyari ba, kunya ta hana shi fita. Don Allah direbobi ku ba shi baki, yana sauraren shirin nan.

Yaya, Inna ta ce ranar kasuwa kai za ka kai ta, kuma a gaba za ta zauna.