Tabarmar Baba

A ƙofar likitan dabbobi a Maradi, Illo na zaune da muzuru cikin kwali. Wani dattijo daga Jiratawa, riƙe da igiyar rago, ya leƙa.

"Samari, me ya same shi?"

"Fitsari yake fesawa, Alhaji. An fiɗiye shi bara, na ɗauka ya daina."

"Shi ne ka sunkuyar da kai haka?"

Illo ya ɗago kai.

"Tabarmar mahaifina yake jiƙawa. Wata biyu ina yi wa tsohon faɗa, na zaci shi ne. Jiya na kama muzurun."

"Ka ba tsohon haƙuri?"

"Na ba shi, bai yarda muzurun ne ba. Har yau ba ya shan ruwa bayan la'asar."