Ba Wanda Ya Tambayi Jikin Hansai

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sale ne, manomi daga wani ƙauye kusa da Ɗanbatta.

Shekara huɗu Babanmu na kwance da shanyewar ɓarin jiki. Yayata Hansai ce ke juya shi, ta ba shi koko a baki, duk wata ta kai shi asibiti. Tsohon likitanmu in ya gama da Baba sai ya ce, "Hansai, miƙo naki hannun," ya auna jininta.

Da aka sauya tsarin asibitoci, aka mayar da shi birni. Yanzu mai kati kaɗai ake dubawa. Mu ma a gida "ya mai jiki?" kawai muke ce mata.

Lokacin cirar gyaɗa ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Ashe hawan jini ne. Kwana biyu ta rasu.

Likitoci, don Allah ku riƙa duba mai jinya. Masu sauraro, ku ba ni shawara. Mun gaya wa Baba, amma kullum da safe ita yake kira. Me zan ce masa?