Ranar Nan Ba a Ga Jan Bututu Ba

Shugaban ƙungiyarmu ta matuƙa ƙananan jiragen sama, Ogata-san, dattawa, Fumie-san, uwargidan marigayi, 'yan'uwa, ina gaishe ku a wannan rana ta arba'in da tara da rasuwar malaminmu Kuroiwa Shigeru, wanda muke kira Sensei.

An ba ni takarda in karanta. Ga ta, ba zan karanta ba.

Ya kasance mutum mai taurin kai, mun sha zaginsa a bayan ido. Doka ta ce ba a tashi sai ana hangen kilomita biyar. Shi kuwa kullum sai ya tsaya bakin titin jirgi, ya dubi jan bututun hayaƙin masana'antar siminti da ke ƙetaren ruwa, kilomita biyar cif. In hazo ya rufe shi, ya zuba makullai a aljihu. Na taɓa ce masa, "Sensei, ai ga shi can, dishi-dishi." Ya ce, "Nagamine, da ido kake gani ko da kwaɗayi? Je ka sha shayi."

Ya kasance haka shekara talatin, bai taɓa rasa ɗalibi ba. Yau kuma rahoton ƙungiya na cewa tsufa ya sa ya kasa auna hazo ranar da ya yi hatsari. Ƙarya ce!

Ogata-san, ɗago kanka. Ranar nan kai ka so a kai jirgi wani tsibiri don bikin nune-nune. Ya ce maka ba a ganin bututu. A gabanmu ka ce, "In idon ne ya mutu, tsoho, ajiye makullan ka koma gida rainon jikoki." Ya rusuna maka, ya tafi ya hau jirgin. Mu shida muna tsaye, ba wanda ya yi ko tari, wai ba a musu da babba. Minti goma sha biyu ya yi a sama kafin ya daki dutse.

Fumie-san, kwana arba'in da tara kina ba mutane haƙuri kan laifin da ba na mijinki ba. Ki daina. Ranar nan ko kilomita uku ba a gani. Ni na rubuta biyar a littafin filin jirgi, na buga hatimina, don an ce in rubuta. Kunya ta hana ni barci. Gobe zan faɗa wa masu binciken hatsarin, ko da za su karɓe lasisina.

Na gode da kuka saurare ni, har waɗanda suka fice. Sensei, muna roƙon ranka ya samu hutu. Ka yafe mana. Ka gani daidai, mu ne muka rufe ido.