Sunan Ɗan Fari

A tashar motar Hunkuyi, shekara biyu da samun 'yancin kai, wata tsohuwa, Iya Lantana, tana jiran motar Zariya. Kusa da ita wata matashiya ce ke yi wa jariri wasa.

"Uwaisu! Uwaisuna, yi wa Iya dariya."

"'Yar nan, ƙanenki ne?"

"Ɗana ne, Iya. Na fari."

"Na fari? Kike kiran sunansa gatsal a bainar jama'a? Ina kunya ta tafi?"

"Ai ni na sha wuyarsa. Malamar asibiti ma ta ce yaro yana son jin muryar uwarsa."

"Malamar asibiti! Mu a zamaninmu ko kallon ɗan fari ba a yi a gaban mutane. Nawa ana yaye shi gwaggonsa ta tafi da shi Paki. In ya zo gaishe ni sai in ce 'kai yaro', in kau da kai. Har ya yi gemu."

"Bai taɓa jin haushi ba?"

"Haushin me? Haka aka yi wa kowa." Ta gyara ɗaurin ƙwaryar furar da ke cinyarta. "Wurinsa ma za ni. Yana kwance a asibiti, jikin ya yi tsanani. Wai tun jiya yake tambaya ko na iso."

"Allah ya ba shi lafiya. Yaya sunansa, in sa shi a addu'a?"

Iya Lantana ta buɗe baki, ta rufe. Ta dubi jaririn.

"Shekara talatin da huɗu bai fito daga bakina ba, 'yar nan. Bari mu shiga mota in riƙa gwadawa a hankali kafin mu isa."