Kujera ta Biyar

A bencin ƙofar ɗakin taron kwamitin filaye, wani tsoho ya juya ga matar da ke gefensa.

"Baiwar Allah, ke ma ƙorafi kika kawo? Ni lambuna za a mayar gidan mai."

"Ni 'yar kwamitin ce, Baba. Mai neman filin yayana ne, doka ta ce in fito."

"Kayya! Ai sauran huɗun duk 'yan korensa ne."

"Sai an cika biyar ake ƙuri'a. Shi ya sa suke ta aike, wai in shiga ko hannu ban ɗaga ba."

"To zumunci fa?"

Wayarta ta sake ƙara. Ta kife ta a cinya.

"Uwa muka haɗa da shi, Baba, ba kujera ba."