Katakon da na babbake ya tsare mini aikina

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan kana lafiya. Sunana Usman Kafinta, daga unguwar Bani Malik a Jidda. Farin ciki ne ya sa na rubuto.

Kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini nake zaune a Saudiyya, yana da gidan hutu a bakin teku. Sau biyu ina yi masa shingen katako, danshi da gara suna cinyewa. A karo na uku ya ce, "Ya Usman, in wannan ma ya ruɓe, halas, ka nemi wani kafilin." Ga iƙamata, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, ga iyali.

Sai na gani a waya yadda mutanen Japan ke babbake saman katako don kada ya ruɓe. Na sa wutar gas na babbake nawa har ya yi baƙi ƙirin, na goge da burushin ƙarfe, na shafa mai, na kafa. Da kafili ya zo sai ya dafe kai. "Gawayi ka kafa mini?" Na ce, "Ya ammi, ka ba ni shekara ɗaya."

Malam, yau shekara uku! Gara ba ta taɓa shi ba, zafi da ruwan sama ba su yi masa komai ba, ko fenti bai nema ba. Mutumin da ya so korata, yanzu shi ke kawo abokansa yana cewa, "Ga mu'allim ɗina."

A gaishe mini da kafintocin da muka zauna tare a unguwar Karantina. Waɗanda suka yi mini dariya ranar da na kafa shingen, yalla, ku zo in koya muku.