Waken Gizon da ke Iyakar Gonarmu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Sunana Haruna, ina dako a Sheshe, amma gidanmu can wani ƙauye ne mai nisa, na daɗe ban leƙa ba.

Inna ce ta kira ni a waya. Maƙwabcinmu ya shuka sabon waken nan da masana suka gyara don tsutsa ta ƙyale shi. Ban ga laifinsa ba, tsutsa ta sha gamawa da gonarsa. To, a iyakar gonakinmu akwai waken gizo mai fitowa da kansa, Inna ba ta nome shi saboda awaki. Daminar da ta wuce ta ɓare kwansonsa, babu tsutsa ko ɗaya. Kuma ta ga ƙudan zuma na tashi daga furen maƙwabci, su sauka kan na gizon, su wuce nata.

Ta ce, "Haruna, irin waken da kakarka ta bar mini, wanda nake adanawa cikin toka a tukunya, har yanzu nata ne?"

Waɗanda suka kawo sabon irin ba su tako ƙauyenmu sun yi bayani ba.

Malam, a tambayar mana masana: ƙudan zuma na iya cuɗanya su? Ruwa ya kusa sauka, kuma Inna ta ce ba za ta buɗe tukunyar ba sai ta ji daga gare ni.